Yawon jirgin ruwa a fiyod ɗin Norwe tare da tsohuwa: wanne za mu shiga?

Ɗan_Aboabo

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙanwata tana karatu a Bergen, ƙasar Norwe, za ta kammala a watan Yuni, kuma ta gayyace ni tare da Mma Hajiya. Kamar mako guda za mu yi. Tun da Hajiya ta ga hoton jirgin ruwa yana ratsa tsakanin manyan duwatsu, ruwa na kwararowa daga sama, ta ce sai an kai ta. Ita ƙanwar tawa karatu ya sha mata kai, ta ce in bincika da kaina.

Na duba intanet, sunaye sun yi mini yawa: Geiranger, Nærøyfjord, Lysefjord, Hardanger. Wanne ya fi kusa da Bergen? Hajiya ta haura sittin, gwiwa na damunta, kuma jirgin ruwan da ta taɓa shiga shi ne Dodi Princess na Akosombo. Akwai igiyar ruwa mai tayar da zuciya? Za a iya zuwa a dawo a wuni ɗaya? Sai batun biza, salla da abinci. Masu sani a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam_Sabon_Zongo

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a karatun yarinya.

Tunda Bergen za ku sauka, cire Geiranger daga lissafi. Yana da kyau, babu musu, amma zuwa kawai daga Bergen ya kusa cinye wuni a mota. Wanda ya sauka Ålesund shi ke zuwa can. Lysefjord na masu sauka Stavanger ne. Naku shi ne Nærøyfjord, reshe ne na Sognefjord, wanda ya fi kowane fiyod tsawo a Norwe, kilomita 205, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Hukumar UNESCO ta sa Nærøyfjord da Geirangerfjord cikin wuraren gadon duniya tare a 2005, don haka ba wai kun zaɓi na baya ba ne.

Batun igiyar ruwa, ka kwantar wa Hajiya da hankali. Volta, inda Dodi Princess ke yawo, tafki ne da aka tare da madatsa, yana da faɗi, iska na samun filin tayar da ruwa. Fiyod kuwa teku ne ya shigo cikin ƙasa. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe yankin, nauyinta da gangarowarta suka kwakule kwaruruka har ƙasa da matakin teku. Da ta narke, sama da shekara 10,000 da suka wuce, ruwan gishiri ya shigo ya cika su. Kafin ka kai Nærøyfjord ka yi nisa da bakin teku da fiye da kilomita 100, duwatsu sun tsare hagu da dama, igiyar teku ba ta isowa. Kofin shayi a kan tebur ba ya zubewa.

Shi jirgin yana tafiya ne tsakanin ƙauyuka biyu, Gudvangen da Flåm, kimanin awa biyu. Daga Gudvangen zai bi Nærøyfjord, kimanin kilomita 17, inda wurin da ya fi ƙunci, kusa da ƙauyen Bakka, faɗinsa mita 250 kacal, duwatsun gefe kuwa sun haura mita 1,000. Daga nan ya karya kwana ya shiga Aurlandsfjord, ya wuce Undredal, ƙauyen da ya yi suna da cukun akuya, sai Aurland, sai Flåm. Idan kun karya kwanar nan ku ɗaga kai, akwai wata gona da ake kira Stigen maƙale a jikin dutse. Ana ba da labarin cewa a da sai da tsani ake hawanta, kuma in mai karɓar haraji ya doso sai masu gida su janye tsanin.

Yadda ake haɗa tafiyar daga Bergen: jirgin ƙasa zuwa Voss, awa ɗaya da 'yan mintuna, bas daga Voss zuwa Gudvangen, kimanin awa ɗaya, jirgin ruwa zuwa Flåm, sai jirgin ƙasan Flåm ya hau da ku Myrdal, daga Myrdal wani jirgin ƙasan ya maido ku Bergen, awa biyu da wani abu. Kamfanin Fjord Tours yana sayar da wannan zagaye a dunƙule da sunan Norway in a Nutshell. Ka gane wani abu: babu ɗan rakiya a ciki, babu mai riƙe tuta yana kiran suna. Tikitocin motocin haya da jiragen kowa da kowa ne aka jera maka bisa lokaci. Kai ne za ka nemo bas ɗinka, kai ne za ka san dandamalin da jirginka zai tsaya.

A nan ne ake samun matsala. Ana iya gama zagayen a wuni ɗaya, awa goma zuwa sha biyu, amma sauyi huɗu ne, wani lokaci tazarar da ke tsakani ba ta da yawa, kuma jirgin Norwe ba ya jiran mai alwala. Wanda ya rasa bas a Voss ya rasa jirgin ruwan da ya biya. Mafi muni shi ne Myrdal: tasha ce a kan dutse, mita 867 sama da teku, babu titin mota da ke zuwa wurin, saboda haka babu tasi, in jirgi ya wuce sai jiran na gaba cikin sanyi. Da tsohuwa mai ciwon gwiwa, shawarata ku kwana ɗaya a Flåm ko Aurland. Rana ta farko ku tsaya a jirgin ruwa, washegari ku hau jirgin ƙasa da natsuwa. Babbar jaka ku bar ta a Bergen, ku ɗauki ƙarama ɗaya ta goyo.

Wajen sayen tikiti ka fara da abin da ke saurin ƙarewa: ɗakin kwana a Flåm, domin ƙauye ne mai mutane 'yan ɗaruruwa, otal ɗinsa kaɗan ne, sai jirgin ƙasan Flåm, sai jirgin ruwa, na Bergen zuwa Voss shi ne na ƙarshe.

Jirgin ƙasan Flåm ɗin nan kada ka ɗauke shi hanyar komawa kawai. Kilomita 20 ne amma yana ɗaukar kusan awa guda saboda tsananin hawa, yana ratsa ramuka 20 da aka huda a cikin dutse, yana tsayawa 'yan mintuna a magangarar ruwa ta Kjosfossen a sauka a yi hoto. In daga Flåm kuka tashi, ku nemi kujerun hannun dama. Dandamalin Kjosfossen katako ne da feshin ruwa ke jiƙawa, ka riƙe hannun Hajiya.

Hajiya_Maamobi

Ɗana, Malam ya gama maka hanya. Ni zan yi maka maganar jikin tsohuwa, don abin da ke ɓata wannan yawo ba ruwa ba ne, sanyi ne.

A watan Yuni zafin Bergen da rana yakan tsaya tsakanin digiri 13 zuwa 18. Mutanen can bazara suke kiransa, su fito da gajeren wando. Ga wanda ya taso daga Kumasi wannan sanyi ne sosai, kuma a saman jirgi iska na ƙara shi, ga inuwar duwatsu da ke hana rana sauka kan ruwa a wurare masu ƙunci. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, minti goma a waje ya gudu ciki ya dunƙule, ya ƙare kallon ta gilashi.

Kada a saya wa Hajiya ƙatuwar riga ɗaya mai nauyi. Hawa uku ake sakawa. Na jiki: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu in an samu, a sa su ƙarƙashin zane ko abaya. Auduga ba ta da kyau a nan, in ta sha gumi ko yayyafi tana riƙe laima ta sanyaya jiki. Na tsakiya: suwaita mai kauri. Na waje: jaket mai tare iska da ruwa, mai hula. Amfanin hawa ukun shi ne cikin jirgi da cikin bas akwai ɗumi, sai a cire ɗaya, in za a fita a mayar. A ƙara da safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da hular ulu ƙarƙashin hijabi. Hijabin ya zama na sakawa ta wuya, ba gyale mai yafawa ba, iska za ta yi gaba da shi. Babbar riga ma ka ajiye ta sai ranar bikin kammala karatu. Duk waɗannan kaya ana samunsu a kasuwar Kantamanto ko ta Kejetia wajen masu gwanjo, da arha ƙwarai a kan farashin Bergen. Ka duba zip da ɗinkin kafaɗa kafin ka biya, ta nan ruwa ke shiga. Lema ba ta da amfani a saman jirgi.

Takalmi: rufaffe mai ƙasan roba. Silifas da takalmin fata mai santsi a bar su a gida.

Jiragen da suka fi aiki a wannan layi su ne Future of the Fjords da Legacy of the Fjords, kowanne na ɗaukar mutum 400. Na farkon, da ya fara aiki a 2018, da batir zalla yake tafiya, babu ƙarar inji babu warin man dizal, wanda shi ne ke fara tayar wa tsofaffi zuciya. Abin da zai fi yi wa Hajiya daɗi shi ne tsarin ginin: maimakon matakala, hanya ce mai gangare a hankali take zagaya jikin jirgin har sama, ko keken guragu na bi. Ciki akwai manyan tagogi, kujeru masu taushi, bayan gida da wurin sayar da shayi.

Ku isa bakin jirgi kamar minti 30 kafin tashi ku kama kujerar taga. Ba a rubuta lambar kujera a tikiti. Kada ka damu da hagu ko dama, wurin ya yi ƙuncin da ko'ina ka zauna kana ganin ɓangarorin biyu. In daga Gudvangen kuka tashi, awa ta farko ita ce mai tsananin kyau, saboda haka a fita waje tun farko, a sha shayi daga baya. Mutane kan juya abin, su tsaya layin shayi har a wuce Bakka.

Za ku ga ana tallar wasu ƙananan jirage na roba masu gudu, ana ba fasinja wata riga mai kumburi. Ba na Hajiya ba ne. Suna dukan ruwa, bugun yana tafiya kai tsaye gadon baya da gwiwa.

Magungunanta su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita. Lambar motar asibiti a can 113 ce.

Ɗan_Aboabo

Na gode Malam, na gode Mma. To in ranar da muka sayi tikiti aka tashi da ruwan sama fa? An ce Bergen ba ta rabo da ruwa.

Malam_Sabon_Zongo

Gaskiya ne, Bergen na samun ruwa sama da kwana 200 a shekara, fiye da milimita 2,000. Amma duwatsun bakin teku su ke tatse hadarin. Can ciki ya fi bushewa nesa ba kusa ba. Lærdal, maƙwabciyar Aurland, abin da take samu a shekara bai wuce kusan milimita 500 ba. Sau da yawa a bar Bergen cikin ruwa a tarar da rana a Flåm. Jirgi kuma ba ya fasa tashi don ruwan sama. Abin da ruwa ke ragewa shi ne ganin kawunan duwatsu in gajimare ya sauko. Abin da yake ƙarawa shi ne ƙarfin magangarun ruwa. Ka sa manhajar Yr a waya, ta hukumar hasashen yanayin ƙasar ce, tana nuna awa-awa.

Watanku ma ya dace. Mayu da Yuni ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa, ruwa na zuba ta ko'ina. Zuwa ƙarshen Agusta wasu ƙananan magangarun sun ƙafe. Yuli ya fi cunkoso. Abu ɗaya da za ka duba: manyan jiragen yawon teku suna tsayawa a Flåm, guda ɗaya na iya sauke mutum dubu biyu ko uku a wannan ɗan ƙauye. Hukumar tashar tana wallafa jadawalin zuwansu a intanet. Ka zaɓi ranar da babu, ko ka ɗauki jirgin sassafe ko na yamma.

Alhaji_Nima_441

Ɗan'uwa, duk wannan sai da biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, bizar Shengen za ku nema, kuma wajen Norwe za ku nema tunda can za ku fi daɗewa, ko da ta Holan za ku shiga. Suna da ofishin jakadanci a Accra. Ana cike fom a shafin hukumar shige da ficensu, UDI, a biya kuɗi, sannan a kai takardu da kai don ɗaukar hoton yatsu. Wato kai da Hajiya sai kun sauko Accra, a shirya wannan ma.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa in an hana. Inshorar lafiya ta tafiya dole ce, wadda ta kai yuro 30,000 kuma ta shafi dukkan ƙasashen Shengen. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu babu komai. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida kwana 15 ake amsawa, amma yana iya kai 45, kuma gab da bazara layi ya fi tsawo. Mai tafiya a Yuni ya shigar da takardu a Maris.

Abin da ya fi jawo hani shi ne rashin gamsar da su cewa za a dawo, da kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya. In bayanin banki ya nuna wata biyar shiru, sai ga tulin kuɗi mako guda kafin nema, sun san aro ne. Ka kai bayanin asusun da kasuwancinka ke juyawa a ciki, takardar rajistar kasuwanci, takardar gayyata daga ƙanwarka da shaidar makarantarta, da abin da ke nuna dangantakarku. Kada ka sayi tikitin jirgin ruwa da na ƙasa kafin biza ta fito. Ɗakin Flåm kuwa ka kama irin wanda ake sokewa ba tare da asara ba.

Babu jirgin sama kai tsaye. Mafi sauƙi KLM daga Accra da dare zuwa Amsterdam, daga nan zuwa Bergen. A Amsterdam ake duba biza, ba a Bergen ba, don haka takardar gayyata, inshora da tikitin dawowa su kasance a hannu, kuma ka bar aƙalla awa biyu tsakanin jiragen. Ka nema wa Hajiya keken turawa tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, filin jirgin yana da faɗin gaske.

Kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba, kuma kusan komai da kati ake biya, har bayan gida a wasu tashoshi. MoMo, kuɗin wayarmu, ba ya aiki. Ka je bankinka su buɗe katin don amfani a waje, ka tambayi iyakar abin da za ka iya kashewa a rana, ka tafi da kati biyu. In na'ura ta ba ka zaɓin kuɗin da za ta cira, zaɓi kurona, canjin bankinka ya fi na na'urar sauƙi. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, filoginmu mai baki uku ba ya shiga, sayi adafta tun a nan. Tikitoci kuma ka ɗauki hotonsu a waya, sabis na ɗaukewa a cikin ramukan dutse, sanyi kuma na shanye batir.

Ustaz_Asawase

Salla ta wuni ba za ta ba ku wahala ba. A Yuni azahar na shiga wajen 1:40 na rana a agogonsu, la'asar sai bayan 6 na yamma, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan 11 na dare. Awa biyun jirgin ruwa na shiga tsakanin salla da salla cikin sauƙi, babu buƙatar neman wurin shimfiɗa darduma a cikin jama'a. Wahalar tana dare: rana na fitowa wajen 4:10, shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, sai manhajojin waya su riƙa ba da lokutan isha da asuba masu saɓani. Ku bi jadawalin masallacin da ƙanwarka ke bi a Bergen. Agogonsu a bazara yana gaban namu da awa biyu.

Alƙibla kada a bi sabo. A nan gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa. A can kudu maso gabas ce. A ƙauyukan fiyod kada ku sa ran masallaci, ɗakin otal ne. A mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru, don haka a Bergen cikawa za ku yi, amma fita zuwa Flåm, kusan kilomita 170, tafiya ce ta ƙasaru.

Abinci: tsiran da ake sayarwa a jirage da tashoshi galibi akwai naman alade a ciki. In kun ga svin, skinke ko bacon a jikin leda ku ajiye. Kifi ya wadata, laks shi ne salmon, ga ƙwai, burodi da cuku. Cin abinci a gidan abinci yana da tsada ƙwarai. Ku yi sayayya a kantin Kiwi ko Rema 1000 a Bergen ku ƙunsa, ku cika fulas da shayi. Ruwan famfo ana sha. Kilishi, dambun nama da wagashi kada su shiga jaka, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Turai, za a ƙwace. Gari ba shi da matsala.

Baban_Madina

Malam, da izininka, ban goyi bayan a ɗora wa tsohuwa wannan zagaye tun farko ba. Akwai jirgin da ke tashi daga tsakiyar Bergen, bakin kasuwar kifi, ya bi Osterfjord zuwa Mostraumen ya dawo cikin awa uku da rabi ko ƙasa da haka, duk shekara. Babu bas, babu sauyi, babu kwana a waje. Duwatsunsa ba su kai na Nærøyfjord ba, amma akwai mashigi mai ƙunci, kuma direba na kai hancin jirgi dab da magangarar ruwa. A fara gwada Hajiya da wannan a rana ta biyu ko ta uku. In jikinta ya karɓi sanyin, sai a yi babban.

Wanda zan hana shi ne jirgin ruwa mai gudu daga Bergen kai tsaye zuwa Flåm. A takarda ya fi sauƙi tunda babu sauyi, amma awa biyar da rabi ne a zaune, farkon tafiyar ta gefen teku ne inda ake ɗan jin motsi, kuma ba ya shiga Nærøyfjord ko kaɗan, Aurlandsfjord yake bi.

Malam_Sabon_Zongo

Na yarda da gwajin Mostraumen, Baban Madina, shi ana samun tikitinsa ko ana gobe. Amma kada Ɗan Aboabo ya jira sakamakon gwaji kafin ya kama na Flåm, a Yuni zai tarar an cinye. Ya saya tun biza na fitowa, ya sa shi a kwanakin ƙarshe. In ma hawa da saukan ya yi wa Hajiya yawa akwai gajeriyar hanya: bas na zuwa Flåm daga Bergen kai tsaye, kimanin awa uku, a shiga jirgin ruwa zuwa Gudvangen, ƙaramar bas ta maido ku Flåm ta ramin dutse cikin minti 20, a bar Myrdal gaba ɗaya. Ƙanena, ka kuma lura kada ranar sayen guzuri ta faɗo Lahadi, manyan kantunan abinci a rufe suke.